Yadda Ake Rage Bugun Babbar Bindigar Farauta, da Lokacin da Ya Dace a Ɗaura Mata Birkin Baki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga 'yan'uwa na Aboabo da Asawase da Tafo a Kumasi, har da na Nima a Accra: bindigata tana dukan kafaɗa, wane birki zan saya in ɗaura mata a baki? Birkin nan ƙarfe ne mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga don ya rage bugunta. Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai 'yan kaɗan da ke riƙe da raifal mai lasisi, ko kuma suke shirin tafiya farauta Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Tanzaniya, inda za a miƙa musu babbar raifal irin .375 a ce bisimilla. Sai mafi yawa, masu bindiga lamba 12 (shotgun) mai baki ɗaya, wadda ita ce abokiyar tafiyar maharbin Ghana. Matakai shida na farko duk sun shafe su su biyun. Zancen birki kuwa na masu raifal ne.

Amsata a taƙaice ita ce birki shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa. Yana aiki, babu musu, amma sauƙin da ya ba kafaɗa a kunne yake karɓar kuɗinsa. Ga yadda ya kamata a bi abin daki-daki.

1. Fara da takardu

Lasisin bindiga a Ghana a hannun 'yan sanda yake, kuma duk shekara ake sabunta shi. Dokar makamai da harsasai ta 1972 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ba tare da izinin gwamnati ba, shigo da ita ko sassanta daga waje kuma sai da takardar Ma'aikatar Cikin Gida. Saboda haka kafin ka sa a yanke maka zare irin na sukuru a bakin bindiga, inda za a murɗa birkin, ka je ofishin 'yan sandan da ke kula da rajistar makamai inda ka yi lasisinka, ka faɗa musu abin da kake son yi, ka nemi su nuna maka wanda aka amince ya yi aikin.

Lasisin farauta daban yake, sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke bayarwa. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba farauta a rufe take, in ban da gyazbi, shi ma sai da takarda. Gandun dajin da aka keɓe, irin su Mole da Digya da Kogyae da Bomfobiri, ba wuraren harbi ba ne ko da wane wata ne.

Gargaɗi: kada ka roƙi ɗan'uwan da zai dawo daga Amurka ko Jamus ya jefo maka birki a cikin akwati. Ƙarfe ne ƙarami, amma a idon kwastan sashen bindiga ne. Abin rage ƙara da ake ɗaurawa a baki kuwa, kada ma ka kusance shi sai da izini a rubuce.

2. San nauyin dukan da kake sha

Abubuwa huɗu ne suke haɗa bugun bindiga: nauyin harsashi, gudunsa, yawan albarushin da ke cikin kwanso, da nauyin bindigar kanta. Ukun farko in sun ƙaru bugu ya ƙaru. Na huɗun in ya ƙaru bugu ya ragu.

Ana auna ƙarfin bugun da jul, nauyin harsashi da na albarushi kuma da giren. Ga kimanin abin da sanannun harsasai suke bayarwa a bindiga mai nauyin da aka saba:

- .308 Winchester, harsashi giren 150, bindiga kilo 3.4: wajen jul 21
- .30-06, giren 180, kilo 3.6: wajen jul 27
- .300 Winchester Magnum, giren 180, kilo 3.9: wajen jul 35
- .375 H&H, giren 300, kilo 4.1: wajen jul 50
- .416 Rigby, giren 400, kilo 4.5: kusan jul 80
- .458 Winchester Magnum, giren 500, kilo 4.1: sama da jul 80

Yawancin mutane daga wajajen jul 27 ne jikinsu yake fara tsarguwa. Abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne bindiga lamba 12 da harsashi mai giram 36 tana kai jul 40 da ɗoriya, in kuma irin mai baki ɗaya ce marar nauyi sai ta zarce haka. Ashe wanda ya girma yana harba ta bai yi nisa da .375 ba. Bambancin shi ne da lamba 12 ana harbi ne a tsaye, sau ɗaya ko biyu, hankali yana kan nama. Raifal kuwa sai ka zauna ka natsu, ka matsa kunama a hankali kana sane da abin da ke tafe. A nan ne tsoro yake samun wurin shiga.

Ka ɗora bindigarka a sikeli, da madubin saitinta da maratayinta, ka rubuta nauyin. Za ka buƙace shi a mataki na huɗu.

3. Gwada kanka: kana zabura ko ba ka yi?

Ciwon kafaɗa kwana biyu ne ya wuce. Ɓarnar da bugu yake yi ta gaske ita ce zabura, wato jiki ya riga harbin motsi: ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama, bakin bindiga ya sunkuya. Mai yi ba ya sanin yana yi, domin ƙarar harbin tana rufe komai. Sai ya ga harsashi yana sauka ƙasa da inda ya nufa, ya ɗora laifin a kan madubi.

Ga yadda ake kama ta. A filin harbin da hukuma ta amince da shi, ka ba aboki bindigar ya ɗura maka kana juya baya, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da na bogi wanda ake sayarwa don gwaji. Ya miƙo maka bakinta yana kallon inda ake harbi. Ka yi saiti ka matsa. Ranar da ta ce "ƙyas" babu harbi, kowa zai ga abin da bakin bindigar ya yi. In ya tsaya cik, madalla. In ya yi ƙasa, to ka san aikin da ke gabanka.

Gargaɗi: a wannan gwajin ka ɗauki kowane miƙi a matsayin bindiga mai harsashi. In ta ce "ƙyas" alhali abokinka ya ce na gaske ya sa, ka bar bakinta a inda yake na rabin minti zuwa minti ɗaya kafin ka buɗe.

4. Daidaita ƙotar da jikinka

Nan ne rabin maganin yake, kuma nan ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Fara da tsawo. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, yawancin bindigogin kamfani inci 13 da rabi ne, wato wajen santimita 34. An auna wannan ne da mutumin da ke sanye da rigar sanyi mai kauri. Kai da kake farauta da 'yar riga shara-shara a zafin filayen Afram, in kana da dogon hannu, ƙotar za ta yi maka gajarta. Gwajin mai sauƙi ne: ka tabbatar babu harsashi, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe ido. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙota ya kamata a sami faɗin yatsu biyu. In bai kai ba, wata rana yatsanka ne zai fasa maka hanci. In kuma ƙotar tana kama riga a hammata duk lokacin da ka ɗaga, ta yi tsawo. Mai shirin zuwa Namibiya ko Afirka ta Kudu a watan Yuni ko Yuli ya yi wannan gwajin da rigar sanyi a jikinsa, don can lokacin hunturunsu ne, safiyarsu ba wasa.

Sai robar gindi. Tsofaffin bindigogi da yawa farantin ƙarfe ko busasshiyar roba ce a gindinsu, wadda zafi da shekaru suka mayar kamar katako. Ka danna da babban yatsa, in ba ta lotsa ba ta gama aiki. Roba mai laushi mai kaurin inci ɗaya, irin su Pachmayr Decelerator ko LimbSaver ko Kick-Eez, ba ta rage adadin jul ɗin, amma tana shimfiɗa dukan ya zama turi maimakon mari, kuma jiki ya fi jure turi nesa ba kusa ba. Akwai wadda ake ɗaurewa da sukuru, akwai wadda ake zura wa gindin kamar safa. Ta biyun ta fi sauƙin samu kuma ba ta buƙatar a taɓa katakon, sai dai tana ƙara tsawo, don haka sai ka sake gwajin hanci. Ka riƙa cire ta bayan ruwan sama, domin danshi yana kwana a ƙarƙashinta ya ɓata katako.

Na uku nauyi. Lissafin a fili yake: .375 mai kilo 4.1 da ke ba da jul 50, in ka ƙara mata rabin kilo za ta sauko wajen 45. In kuma irin marar nauyin nan ce mai kilo 3.4, za ta haura 60. Ana ƙara nauyi da dalma da aka cusa a ramin da ke cikin gindin ƙota, ko da bututun zaiba da ake sayarwa musamman don haka. A matse shi sosai kada ya yi kai-kawo a ciki, kuma kada a tara nauyin duka a baya har bakin bindigar ya riƙa yawo. Ni a ganina .375 da madubinta ta kai kilo 4.3 zuwa 4.5, .416 da .458 kuma su kai 4.7 ko 5. Wanda ya ce ta yi masa nauyin ɗauka, ya tuna sa'a nawa zai yi yana tafiya da ita, ya zaɓi wahalar da ya fi iya ɗauka.

Kafin ka bar wannan matakin, duba katakon bayan inda ƙarfe ya zauna da kuma wuyan ƙota. Tsagewa ko siririya ce, babbar bindiga za ta buɗe ta. Hunturu yana busar da katako sukurori su saki, damina ta kumbura shi. Ka riƙa duba sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota a farkon kowane yanayi.

5. Nisan madubi da ido

Tabon da ake gani mai siffar jinjirin wata a girar wasu maharba, madubin saiti ne ya yi shi. A babbar bindiga ka nemi madubin da zai ba ka cikakken hoto idonka yana nesa da shi da santimita 9 zuwa 10. Ka ɗaura shi can gaba iyakar inda hoton bai fara duhu a gefe ba, kuma ka yi wannan gwajin madubin yana kan ƙarfinsa mafi girma, domin a nan ne nisan ya fi raguwa. Sukurorin zoben ba a murɗa su da ƙarfin tuwo: yawancin kamfanoni wajen nutan-mita 2 suke cewa, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin sukuru. Ka ɗiga alamar fensir a jikin madubin daidai gefen zobe, in ya zame za ka gani.

Gargaɗi: harbi a kwance da harbin abin da ke kan tudu su ne suke kawo goshi kusa da madubi. Nisan da ya ishe ka a tsaye ba lallai ya ishe ka a nan ba.

6. Tsayuwa, riƙo da horo

Ka tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ta hagu a gaba in kai na dama ne, gwiwoyi a sake, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Gindin bindigar ya zauna a lungun naman da ke tsakanin ƙashin wuya da kan kafaɗa. In ya hau ƙashin wuya za ka ji a jikinka, in ya sauka kan dantse za ka kwana da shaida. Ka jawo ta ta manne sosai, domin duk ratar da ka bari tsakaninta da kafaɗa fili ne ka ba ta ta ɗauko gudu. Kunci ya kwanta a kan ƙota da nauyinsa. Hannun gaba ya riƙe katakon gaba da gaske. Salon nan na masu ƙananan bindigogi na barin gaban bindiga a kan buhu ba a riƙe ba, ba na .375 ba ne. Idan ta tashi, ka bar jikinka daga ƙugu zuwa sama ya tafi da ita ya dawo. Mai sandarewa shi ya fi shan duka.

Tebur shi ne inda babbar bindiga ta fi mugunta, saboda mutum yana duƙawa a kanta, jikin ba shi da inda zai ja da baya. Ka tara buhunan yashi su yi tudu yadda za ka zauna bayanka a miƙe, ka sa tawul a ƙarƙashin gwiwar hannu. Da zarar saiti ya daidaita, ka bar tebur ka koma kan sanduna uku da aka ɗaure a sama, irin waɗanda ake farauta da su a kudancin Afirka. Gora uku masu tsayin mutum da robar tayar keke sun isa.

Gargaɗi: kada ka jingina gindin bindigar da bango ko bishiya, kada kuma ka ɗaure ta a ƙarfen da aka danne da nauyi har ba ta motsi. Ƙarfin da bai sami hanyar fita ba a kan ƙota da madubi yake hucewa.

Horo kuwa, kaɗan-kaɗan ne a kai a kai. Harsashi shida zuwa goma na babbar bindiga sun isa zama ɗaya. In kai ya fara ciwo ko ka ji kana ɗokin a gama, ka tsaya, duk abin da ka harba bayan nan zabura kake koya wa jikinka. Sauran aikin a yi shi da ƙaramar raifal .22 in kana da lasisinta, da kuma matsa kunama a gida da harsashin bogi, bayan ka duba ɗakin harsashi da ido da yatsa kuma ka kai harsasan gaske wani ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai yi farauta a Disamba, watannin da aka rufe daji su ne na wannan aikin.

Harsashi ma yana da zaɓi. .375 H&H tana da giren 235 da 270 da 300, kuma ba dole ne ka yi horo da mafi nauyi ba. Ga .308 da .30-06 akwai harsasan kamfani da aka rage musu ƙarfi, kamar Managed-Recoil na Remington da Custom Lite na Hornady. Amma kada ka kuskura ka buɗe harsashi ka zubar da wani abu daga albarushinsa don ya yi sauƙi. Babban kwanso da albarushi kaɗan yana iya fasa bindiga. Haka nan kada ka bar harsasai a cikin motar da ke tsaye a rana, zafi yana ƙara musu matsi.

Wanda aka taɓa yi wa aikin ido, ko aikin kafaɗa ko wuya, ko yake da na'urar bugun zuciya a ƙirji, ya tambayi likitansa tukuna.

7. Yanke shawara a kan birki

In ka yi duk na sama kuma har yanzu gwajin mataki na uku yana kama ka, to yanzu zancen birki ya taso.

Birki ƙarfe ne mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Iskar albarushin da ke biyo bayan harsashi tana dukan bangayen da ke cikinsa ta fice ta gefe, sai ta ja bindigar gaba a daidai lokacin da take komawa baya. Mai kyau yana rage bugu da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, kuma yana hana baki tashi sama, har kana iya ganin inda harsashinka ya sauka.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne iskar kawai yake kamawa, ba ruwansa da nauyin harsashi. .300 Winchester Magnum tana ƙona albarushi wajen giren 70 a bayan harsashi mai giren 180, don haka kaso mai yawa na bugunta na iska ne, birki yana yi mata aiki ƙwarai. .458 tana ƙona kusan wannan adadin ne a bayan harsashi mai giren 500, mafi yawan bugunta na harsashin ne, birki ba zai yi mata abin da ya yi wa waccan ba. Bindiga lamba 12 kuwa matsin iskarta a baki kaɗan ne, huda mata ramuka asarar bindiga ce kawai.

Sai farashin da kunne yake biya. A ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarar babbar raifal tana tsakanin desibel 155 da 170, alhali daga 140 harbi ɗaya tak yana iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. Birki yana juyo da wannan ƙarar wajenka, yana ƙara desibel 5 zuwa 10 ko fiye a kunnen mai harbi. Wanda ke tsaye a gefenka ya fi ka shan wahala: mai bin sawu, yaron da ke riƙe maka sanduna, karenka. Shi ya sa jagororin farauta da yawa a kudanci da gabashin Afirka ba sa son ganinsa, wasu ma cewa suke a cire kafin a shiga daji. In tafiya za ka yi, ka tambaya tun kana gida. A farautar ɓauna, inda kowa yake buƙatar jin motsin ciyawa da muryar ɗan'uwansa, ina ganin gaskiyarsu.

Iri biyu ne aka fi samu. Mai ramuka zagaye ko'ina ba ya buƙatar a daidaita fuskarsa, amma yana hura ƙasa, in ka harba a kwance lokacin hunturu sai ƙura da tsakuwa su rufe ka. Mai manyan tagogi a gefe biyu, ƙasansa a rufe, ya fi rage bugu kuma ba ya tayar da ƙura, amma ya fi cutar na gefe. Akwai kuma huda ramuka a jikin bututun kansa. Wannan ba na ba da shawararsa, don in an yi an yi ke nan, ba a cirewa.

8. Ɗaurawa

Abubuwa biyu za ka tabbatar kafin ka biya kuɗi. Na ɗaya, an yi birkin don faɗin harsashinka ko wanda ya fi shi. Ramin tsakiyarsa yakan fi harsashi faɗi da wajen rabin milimita. Birkin .30 a bakin .375 yana iya ɗauruwa lafiya lau in zarensu ɗaya ne, harbin farko kuma ya tarwatse. Na biyu, zaren ya dace. Bindigogin Amurka masu faɗin .30 galibi 5/8-24 ne, na Turai kuma M14x1 ko M15x1 ko M18x1. Wasu suna kama da juna har su hau zagaye biyu kafin su cije. In ya cije, kada ka sa ƙarfi.

In bakin bindigarka ba shi da zare, yanke shi aikin mai gyaran bindiga ne da hukuma ta sani. Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, cike yake da gwanayen injin ƙarfe, ba raina su nake ba, amma aikin nan ba nasu ba ne, ta fuskar doka da ta fuskar sana'a. Dole zaren ya bi tsakiyar ramin da harsashi ke bi, kuma ramin nan ba kullum yake daidai tsakiyar bututun ba. Wanda ya auna daga waje zai ba ka birki a karkace. Manyan bindigogi da yawa kuma suna da saitin ƙarfe a gaba wanda sai an matsar da shi, wasu bututun nasu ya yi siriri, naman ƙarfen da zai rage bayan an yanke zare bai isa ba.

In zaren yana nan, ga tsarin:

Cire harsashi, cire sakatar bindigar gaba ɗaya, ka leƙa ka ga haske. Kwance murfin zaren, ka goge zaren da dakalin da ke bayansa tas. Murɗa birkin da hannu har ya zauna a kan dakalin ba tare da ya cije ba. In mai tagogin gefe ne, ka daidaita shi tagogin su kwanta daidai dama da hagu, da siraran washa ko da notin kullewa da ya zo da shi. Ka matse bututun kusa da baki a tsakanin katako biyu, kada ka riƙe ƙota kana murɗawa. Ƙarfin ɗaurin ka bi abin da kamfanin ya rubuta, yawanci tsakanin nutan-mita 27 da 40 ne. Wuce haka yana iya matse bakin ramin ya ɓata saiti.

Sannan ka leƙa daga baya ta cikin bututun zuwa farin bango. Ramin birkin ya zama zobe daidai ko'ina. In ka ga ya fi kauri a gefe ɗaya, kada ka harba.

9. Harbin gwaji da sake saiti

Toshe kunne biyu: na soso a ciki, na kifawa a waje. Na soson sai an murza shi ya yi siriri, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura. Wanda aka ɗosana a bakin kunne ado ne. Ka sa gilashin kariya, ka mayar da kowa bayanka, ba gefenka ba. Kada ka harba a ƙarƙashin rufin kwano ko kusa da bango.

Harba ɗaya a mita 25. Cire harsashi, ka duba cikin birkin da tocila. Jan gogen tagulla a gefen ramin yana nufin harsashi yana taɓawa, a tsaya nan a koma wurin mai gyara. In babu, ka koma mita 100 ka harba uku, ka bar bututun ya huce, ka gyara madubi.

Nauyin da ka rataya a baki yana canza inda harsashi ke sauka, wani lokaci da 'yan santimita, wani lokaci da tafin hannu. Masu dabarar yin horo da birki su cire shi ranar farauta, dabara ce mai kyau, amma sai sun daidaita saitin a yadda za su shiga daji, wato da murfin zare a baki. Ka harba rukuni biyu, da birki da babu, ka rubuta bambancin a takarda ka manna a cikin akwatin bindigar.

In bayan harbi kunnenka yana ƙara har washegari, ko kana jin magana kamar daga cikin ruwa, ka je a auna jinka. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen gwajin ji.

10. Kuɗi da kulawa

A kasuwar Amurka robar gindi mai kyau tana tsakanin dala 30 da 50, birki daga wajen dala 50 zuwa 200, yanke zare kuma yakan kai dala 100 ko fiye. Ka ƙara kuɗin takardun shigowa da na kwastan, da harsasan da za ka ƙona wajen sake saiti, waɗanda a .375 zuwa sama kowane ɗaya kuɗi ne mai ciwo. Abin toshe kunne na soso da na kifawa kuwa ana samunsu a shagunan kayan kariyar ma'aikata a Adum da Suame da 'yan sidi kaɗan, kuma a cikin duk abin da aka lissafa su ne ba a tsallakewa.

Bayan kowane fita ka taɓa birkin ka ji ko ya saki. Baƙin hayaƙi yana taruwa a cikinsa ya daskare, ga danshin Kumasi da ba ya raga wa ƙarfe, sai tsatsa ta kama zaren. Lokaci-lokaci ka kwance shi, ka jiƙa a man wanke bindiga, ka goge da burushi, ka shafa ɗan maiƙo a zaren kafin ka mayar. In kana tura tsumma ta cikin bututu, ka duba kada ya maƙale a tagogin. A daji, ramukan suna kwasar laka da ciyayi, don haka ka naɗe su da zagaye ɗaya na tef ɗin lantarki har da bakin, iskar da ke gaban harsashi za ta yage shi. Bindigar da ta daɗe a jingine kuma, zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a bakinta. Kafin ka ɗura harsashi, ka cire sakata ka leƙa bututun daga wannan kai zuwa wancan.